Hoton Tsayuwar Baba

Teburin cin abinci shi ne abu na farko da kwamfutar nan ta ƙwace mana. Ranar da maigidana ya shigo da ita, rungume da jakarta kamar wanda ya ɗauko jariri daga asibiti, tsayawa ya yi a tsakiyar falo yana waige-waige, ya rasa wurin da ya isa a ajiye ta. Ɗakin kwana da zafi, in ji shi. Kusa da taga kuma rana na shigowa. Can idonsa ya sauka a kan teburin da nake duba takardun ɗalibaina, inda 'yan biyunmu suke cin rabin abincinsu su zubar da rabi. Tun daga ranar muka koma ci a ƙasa, ni kuma na koma makin jarrabawa a kan cinya.

Mijina mai ɗaukar hoto ne, kuma ba don yana nawa ba, ya iya aikinsa. Kwamfutar tasa wai ta tafi-da-gidanka ce, amma in ka ɗauke ta da cajarta ka tafi da ita gidan naka, sai ka nemi mai danna maka baya. Ga kauri, ga nauyi, in ta fara aiki fankokinta suna huci har ɗaki ake ji. Motarmu ya sayar ya saye ta, ya bar ni da tsayuwa a bakin titi ina ɗaga wa motocin haya hannu, yara biyu riƙe da gefen rigata.

"Maman 'yan biyu, ba ki san abin da ke gabanki ba ne," ya ce min a daren farko, yana goge allonta da wani ɗan ƙyalle da ya hana kowa taɓawa. "Allon nan yana nuna launukan da idonki bai taɓa sanin akwai su ba."

"To launin da ido ba ya gani, wa zai saya?"

Ya ce ba zan gane ba. Ni kuwa na raɗa mata suna Mai Girma, sunan ya bi ta, har yaran suka ɗauka.

Amma a faɗi gaskiya, ta rage masa wahala. Da can in ya dawo daga taro da hotuna dubbai, sai ya yi kwanaki a zaune yana tankaɗe su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ƙifta ido, wancan ya motsa, har idanunsa su yi ja. Yanzu akwai wata manhaja a cikin Mai Girma da take yi masa tankaɗen. Ya juye mata hotunan, ta bi fuskokin mutane ta duba, ta ware masu kyau a gefe guda, ta tara na banza a ɗaya gefen: wanda ido ya rufe, wanda fuska ta yi dishi-dishi saboda motsi, wanda aka kama mutum baki a karkace. Kafin shayinsa ya huce ta gama. Da farko yakan leƙa tarin na banzan ya ga ko ta yi kuskure. Da ya leƙa ya leƙa bai kama ta da laifi ba, sai ya daina leƙawa.

Yana kuma da wata ɗabi'a da yake tinƙaho da ita tun kafin zuwan Mai Girma: ba ya kwana da shara. Da an ware masa, sai ya goge na banzan, ya zazzage kwandon, ya share katin kyamara tas, ya mayar da shi don aikin gobe. Abokan sana'arsa masu tara hotunan shekara da shekaru dariya yake musu, wai 'yan gwangwan ne.

Yanzu bari in zo kan Baba.

Mahaifina kafinta ne, a tsaye ya yi rayuwarsa. Muna yara ban cika ganinsa a zaune ba sai wajen cin abinci, shi ma a gaggauce. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma ɓangaren hagu bai dawo ba. Bakinsa ya ja gefe, kansa yana ɗan rawa ba tsayawa, fatar idon hagu ta sauko ta rufe shi kusan duka, na daman ma rabi yake buɗewa. Aka sa shi a keken marasa lafiya, kuma duk duniya babu abin da ya tsana kamar keken nan.

Da aka sa ranar yaye su Auta, ƙanwata, wadda ta karanta aikin likita, Baba ya kira ni da Mama, ya ce shi ba za a ɗauke shi hoto da likitarsa yana jibge a keke kamar kayan wanki ba. A tsaye za a ɗauka, ba sanda, ba mai riƙe shi. Muka ce to, don ba a musu da shi. Watanni ya yi yana gwadawa. Ya kama ƙarfen taga da hannun dama ya ja jikinsa, ƙafa tana karkarwa, Mama a bayansa hannuwa a buɗe. Faɗuwar da ya yi ta fi a ƙirga. Akwai ranar da ya fasa leɓe a gefen gado, ya hana a gaya wa Auta. Ni nake zuwa bayan an tashi makaranta in karɓi Mama, don haka na san nauyinsa, na san irin numfashin da yake yi idan ƙafar ta ƙi shi.

Ranar taron, da aka fito daga babban zaure, muka taru a kan ciyawa ƙarƙashin wata bishiya. Dangi sun zo da yawa, kowa da waya a sama. Babu abin da ke tayar wa mijina da hankali kamar wannan.

"Don Allah jama'a, a sauke wayoyin nan," ya ce, yana ɗaga hannu. "Kuna shiga min gaba, kuna raba wa mutane ido, wannan na kallon gabas wancan na kallon yamma. Kyamara ɗaya ta isa. Kowa zan tura masa nasa, mai kyau, ba irin na waya ba."

Aka yi gunaguni, aka sauke. Gwaggo, yayar Baba, ta yi kamar ba da ita ake ba, sai da na je da kaina na lallashe ta ta sauke hannu.

Sannan Baba ya ce a matso da kekensa kusa da Auta. Mama ta kawo hannu, ya ture. Ya dafa hannun keken, ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa. Wurin ya yi tsit. Sai ga shi a tsaye, dogo kamar da, kafaɗarsa daidai da hular Auta. Ita ba ta san da shirin ba, ta saki baki tana kallonsa, hawaye na bin kumatunta. Ina jin kyamara tana ta ƙyas-ƙyas-ƙyas ba ƙaƙƙautawa. Bai daɗe ba ƙafar ta saki, muka tare shi muka mayar da shi keke, gumi ya jiƙa masa riga, yana dariya da rabin bakinsa.

"Ka samu?" ya tambayi mijina.

"Na samu, Baba. Na samu da yawa."

Tsayuwar nan ta taɓa shi. Washegari jininsa ya hau, muka kwana biyu a asibiti, likitansa ya wanke mu tas, ya ce kada ya sake jin an bar shi ya gwada. Auta ta mayar wa makaranta rigar yaye da hularta, ta tafi asibitin da aka tura ta, can nesa. Baba kuwa ko a jikinsa. Ya sa Mama ta sauke agogon bangon da ke fuskantar gadonsa, ya ce wurin hoto ne. Kullum na je, kafin in ajiye jaka zai ce, "Ina hotona?" Ni kuma in dawo gida in sauke wa mijina tambayar, shi kuma ya ce akwai ayyukan mutane a gaba, na gida ai ba ya gudu.

Wata Asabar da hantsi mijina ya kira ni. "Maman 'yan biyu, zo ki ga aiki."

Na jawo kujera. Ya hana ni dafa teburin, kada in girgiza shi. Hotuna suka fara wucewa, kuma wallahi sun yi kyau. Ga Auta tana karɓar takardarta, ga ta da ƙawayenta suna jefa hula, ga Mama, ga Gwaggo da ɗaurarriyar fuskarta. Ya tsaya a kan wani ya ƙara girmansa, ya nuna min zaren da ke jikin rigar Auta, ɗaya-ɗaya.

"Kin gani? A tsohuwar kwamfutata wannan sai dai ki ji labari."

"Na gani. Nuna min na Baba."

"Muna zuwa."

Muka zo, muka wuce. Hotunan bishiyar suka zo: Auta ita kaɗai, Auta da Mama, Auta da 'yan biyu. Daga nan sai ga mu a wajen ajiye motoci ana sallama. Ya koma baya. Ya sake dawowa, a hankali wannan karon.

"Baban 'yan biyu, ina Baba?"

"Yana nan. Bari dai."

Ya buɗe nan, ya buɗe can, ya rubuta wani abu ya goge. A cikin ɗaruruwan hotunan nan guda ɗaya ne da Baba a ciki, shi ma ƙeyarsa ce, Mama na tura kekensa daga nesa. Na dubi fuskar mijina, sai na ga gumi a goshinsa duk da fankar da ya kunna wa Mai Girma tana kaɗa mu.

"Ina jin," ya ce, "ina jin manhajar ce ta ware su. Kin san idon Baba. Da kan nan da ke rawa. Ita a wurinta ido a rufe ne, fuska kuma ta motsa."

"To ta ware. Shiga inda ta ware ɗin ka ɗauko."

Bai motsa ba.

"Ka goge?"

"Kin san yadda nake aiki."

"Ban tambaye ka yadda kake aiki ba. Ka goge ubana?"

"Haba, kada ki faɗi haka mana."

"Katin fa?"

Katin, ashe, tun washegarin taron ya share shi, ya tafi da shi wani otal da suka ba shi aikin talla. Yanzu abin da ke kansa gadaje ne da tawul-tawul da faranti. Na miƙe don kada in faɗi abin da zan yi nadama, na shiga kicin, na tarar ba abin da zan yi a can, na dawo na faɗa ɗin. Na ce masa mutumin da ya yi watanni yana faɗuwa a ƙasa don daƙiƙun nan, shi ko minti ɗaya bai iya ba shi ba ya leƙa ya gani. Na ce ya je ya gaya wa Baba "na samu da yawa" ɗin nan ina suke. Bai tanka ba, kuma rashin tankawar ya ƙara ƙona min rai, don faɗa nake nema.

Ranar Litinin na nemi izini a makaranta muka tafi wajen mai gyara. Shagonsa yana saman bene a layin masu waya da kwamfuta, matsattsen wuri, in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya tsaya a ƙofa. Tsofaffin kwamfutoci a jibge har rufi, ƙaurin dalma ya cika ko'ina. Mijina ya zuge jaka ya fito da Mai Girma, sai mai gyaran ya ajiye abin da ke hannunsa ya goge tafukansa a riga.

"Kai! Oga, irin wannan ce? A hoto kawai nake ganinta. Ɗaga min ita in ga bayanta."

Sai ga su sun duƙufa, kai da kai, ana maganar ƙwaƙwalwarta da saurinta da yawan fankokinta. Mijin nawa da ya shigo kamar an yi masa mutuwa, har ya fara murmushi yana bayani. Na ƙwanƙwasa kantar shagon da makullin gida.

"Malam, ba tallanta muka kawo ba. Hotuna aka goge, muna so a dawo da su."

Ya tambayi yaushe aka goge, aka gaya masa. Ya jona wata waya, ya danna nan da can, muka tsaya muna kallon wani layi yana tafiya a allo. Ƙafata ta gaji, babu kujera. Da layin ya kai ƙarshe ya sosa ƙeya.

"Hajiya, da tsohuwar kwamfuta ce mai faifai a ciki, da na ce ku je ku dawo gobe. Waɗancan in an goge abu yana nan kwance, sunansa kawai aka cire. Amma irin wannan ma'ajiyar mai sauri, da kanta take bi tana share wurin, don kada ta yi nauyi. Shi ya sa take gudu haka. Babu komai, ko ɓurɓushi."

"Wato tsadarta ce ta jawo."

"Kusan haka ne," ya ce, kuma har da 'yar dariyarsa ta sha'awa. "Ai ba ta wasa."

Ya gwada katin ma. Ya fito mana da gadajen otal, da wasu guntayen hotuna rabi toka-toka, babu ko ɗaya na ranar. Muna saukowa daga benen mijina ya rungume jakar a ƙirji kada a buge ta, ni kuwa wani mai ɗauke da kwali ya bangaje ni bai ko waiwayo ba.

Na koma kan dangi. Na kira duk wanda na tuna yana wurin, ina ƙirƙiro dalili don kada maganar ta kai kunnen Baba. Amsar ɗaya ce, kowa da irin gatsen da yake saka mata: "Ai mijinki ya ce mu sauke." Ɗan kawuna har da tambayar ina nasa mai kyau ɗin da aka yi alkawari. Gwaggo ce kaɗai ta ce tana jin wayarta ta ɗauki wani abu, don ba ta iya kashe ta ba. Na hau mota na je har gidanta. Bidiyo ne kuwa. Takalmanta ne a kan ciyawa da gindin jakarta, sai shiru, sai tafi da kabbara, sai muryarta tana cewa, "Ikon Allah, ya tashi!" Na kalla har sau uku ko kyamarar za ta ɗago. Ba ta ɗago ba.

A gidan su Baba kuma ƙaryata ta fara ƙarewa. Na ce ana gyarawa. Na ce an kai wajen wankin hoto. Na ce mai firem ne ya yi tafiya. Baba ya ce firem kuma, shi da ya yi shekaru yana haɗa su, a kawo masa hoton kawai zai sa tsohon yaronsa ya zo ya haɗa a gabansa. Mama kuwa ta raka ni har bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba, ta ce, "Lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, na yi sauri na wuce.

Ana haka wata rana na dawo daga makaranta na tarar da mijina fuska a sake, Mai Girma tana huci kamar za ta tashi sama.

"Na samo mafita," ya ce. "Zauna."

A allon ga Auta ƙarƙashin bishiya da rigar yaye. Kusa da ita ga Baba a tsaye, da shuɗiyar rigar da ya sa ranar. Idanunsa biyu a buɗe tar, bakinsa daidai, kafaɗu a miƙe. Sai da gabana ya faɗi, don rabon da in ga wannan fuskar tun kafin ciwon.

"Daga ina?"

"Hoton Auta na ranar ne. Fuskar Baba kuma daga wanda na ɗauke shi a shagonsa shekarun baya. Rigar na gwada wa Mai Girma launinta a hoton ƙeyar nan, ta ɗinka sauran da kanta. Dubi inuwa, dubi yadda hasken ya faɗo musu iri ɗaya. Ko ni da na haɗa, sai na ƙura ido nake ganin wurin ɗinkin. Wata kwamfutar sai ta kwana tana wannan."

"Ba shi ba ne."

"Shi ne mana. Wa kika gani in ba Baba ba?"

"Ba haka yake ba ranar."

"To haka ya fi kyau. Wa yake so a rataye shi a bango baki a karkace? Mutane biyana suke in cire musu ƙurji ɗaya. Kuma ganinsa ya yi rauni, daga gado ba zai bambance ba."

Na ce masa ƙarya ce, ya ce gyara ne. Na ce a je a gaya wa Baba gaskiya, ya ce in ina so jininsa ya sake hawa, bismilla. Nan ya kama ni, don abin da nake tsoro ke nan. Takaici ya ishe ni, ga shi ba ni da wani abin da zan riƙa in shiga ɗakin Baba da shi. Aka wanke hoton babba, aka sa masa firem baƙi. Na ce amma tare za mu je, shi zai miƙa da hannunsa.

Da la'asar muka isa. Mama ta tayar da Baba ta jingina shi da filo biyu. Mijina ya durƙusa ya gaishe shi, ya kwance takardar da aka naɗe hoton, ya nufi bango da shi kai tsaye.

"Kawo nan tukuna," in ji Baba.

Aka ɗora masa a cinya. Ya fara shafa firem ɗin da babban yatsa, ya bi kusurwa ya ji haɗin, ya ɗan taɓe baki. Sannan ya jawo hoton kusa da fuskarsa. Da bai ishe shi ba, sai ya jingina shi a gwiwa, ya sa yatsan hannun dama ya ɗage fatar idon hagun, ya riƙe ta. Ya daɗe yana kallo. Mama ta leƙo ta kafaɗarsa, ta dube ni, na sunkuyar da kai.

"Auta ta yi kyau," ya ce. Maganarsa a hankali take fita tun ciwon, sai ka saurara.

"Ta yi kyau, Baba," in ji mijina da sauri.

"Aiki ya yi kyau. Allah ya yi albarka." Ya saki fatar idon ta koma. "Wannan mutumin ma na san shi. Amma shi ai tsayuwa ba ta taɓa ba shi wahala ba. Ba shi ya tsaya ranar ba, ni ne. Ina nawa?"

Na ji kamar in fita da gudu. Mijina ya gyara durƙuso, sannan dai ya faɗa, tiryan-tiryan, ba tare da ya ɗago ba. Ya ce ya ɗauka da yawa. Ya ce kwamfutar ce take tace masa hotuna, ita ce ta zubar da su, shi kuma bai duba ba ya goge, kuma an yi iya yi ba su dawo ba. Ya ce laifinsa ne, Baba ya yafe masa.

Ina kallon ƙirjin Baba, ina jiran abin da likita ya gargaɗe mu a kai. Bai yi faɗa ba. Kansa dai yana rawarsa.

"Me ta gani ta zubar?"

"Baba, ita dai... in ta ga ido a rufe, sai ta ɗauka hoton ya lalace."

"A buɗe suke," in ji Baba. "Ina kallonka sarai. Iyakar buɗewarsu ke nan."

Ya miƙa wa Mama hoton ba tare da ya sake dubansa ba, ya ce min bayansa ya gaji, in zare filon in kwantar da shi. Na zare, na kwantar da shi, na ja masa mayafi.